Ranar Da Muryata Ta Fito A Lasifikar Masallaci

Na san akwai masu jin haushina a kan kashi na 3 na labarin da muka faro, har wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo cewa in na kashe jarumar ne in fito in faɗa kowa ya huta. Ban kashe ta ba, tana nan da ranta. Abin da ya ɗauke mini hankali wani abu ne daban, kuma tunda ku na ɓata wa rai, ku ya kamata in fara ba labari.

Ni dai tun ina yaro rediyo ta shiga raina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata akwati mai rigar fata wadda ba mai taɓa ta sai shi. Da asuba ya kama Landan, can an jima ya murɗa Jamus, da dare ya nemo Amurka. Shi ya gaya mini cewa BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Abin da ke ɗaure mini kai a lokacin shi ne, su kullum suna magana muna ji, mu kuwa ba halin mu mayar musu. Na taɓa kafa bakina a jikin akwatin na ce "ina kwana", Baba ya yi dariya har da ƙwalla.

Ashe akwai rediyon da ake mayar da magana. Ban sani ba sai a 2021, ranar da na kai gyaran fanka gidan wani dattijo a bayan layinmu, tsohon injiniyan sadarwa da ya yi ritaya. Ina tsaye a zaure na ji muryar Bature tana fitowa daga ɗakinsa, shi kuma yana ba shi amsa suna ƙyaƙyata dariya, alhali ba waya a hannunsa. Na tambaye shi, ya ce da wani mutumin Sifen yake hira.

Wannan shi ake kira rediyon 'yan sha'awa. Mutane ne a ko'ina cikin duniya da hukumomin ƙasashensu suka ba lasisi su yi magana da juna ta gajeren zango, don koyon ilimin sadarwa da zumunci, ba don kuɗi ba. Ba a talla, ba a sa waƙa, ba a watsa shiri, saboda haka masu shirin cewa in riƙa karanto muku littafi a ciki ku yi haƙuri. Kowa yana da lambar kira, kuma farkon lambar ke nuna ƙasarsa: Nijeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Har sarakuna sun yi ta, domin marigayi Sarki Husaini na Jodan lambarsa JY1 ce.

Baba Injiniya, yadda muke kiransa, shi ya riƙe hannuna har na sami lasisi da lambata. Sannan ya sayar mini da wata 'yar ƙaramar na'urarsa a kan kuɗin da ni da shi mun san kyauta ce, Yaesu FT-817, ƙirar Japan, irin waɗanda suka fito wajen 2001. Nauyinta bai fi kilo 1 da ɗan ɗoriya ba, ƙarfin da take fitarwa kuwa wat 5 ne kacal.

Nan fa matsalar ta fara. Zan zauna in ji Italiya, in ji Jamus, in ji Burazil raɗau, in yi ta kira har maƙogwarona ya bushe, ba mai waiwayo na. Wani lokacin mutum zai ce ya ji kamar akwai wani daga Afirka, ya sake kira, kafin in gama faɗin lambata wani mai wat 1000 ya danne ni. Ka san yadda yaro yake ji in manya suna hira ya sa baki ba wanda ya kula shi? To haka na yi ta ji kusan shekara 2. Zuciyata ta raya mini cewa maganin abin ɗaya ne, wato amfilifaya, na'urar da za ta karɓi wat 5 ɗina ta mayar da shi mai yawa.

Na tuntuɓi Baba Injiniya ya ce, "Malam marubuci, ka yi haƙuri mu fara gyara eriyarka." Ni kuwa na ɗauka tsufa ne kawai da son jan rai.

Wata rana a ƙarshen 2023 na shiga kasuwa sayen batirin tocila, sai na hango wata baƙar na'ura a shagon wani mai kayan wuta, an rubuta wat 300 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. Mai shagon ya rantse mini cewa ko Makka nake so muryata za ta kai. Kuɗinta bai kai rabin rabin waɗanda Baba yake nuna mini a hoto ba. Ban yi shawara da kowa ba na biya, na ɓoye ta a cikin jaka na shigo gida kamar ɓarawo.

Bayan sallar magariba na ciro batirin motar ƙanena na jona, na kama zangon mita 10, wanda a wancan lokacin yake buɗe sosai. Na danna makirfo na shiga kiran da 'yan wannan harka suke yi in suna neman duk mai ji, wato CQ, CQ, CQ. Ina cikin yi sai na ji hayaniya a waje, yara suna gudu, mata suna salati. Can sai ga babban ɗana ya faɗo ɗakin yana haki.

"Abba, aljani ne yake magana a lasifikar masallaci! Sai cewa yake siki, siki, siki!"

Jikina ya yi sanyi. Gidanmu katanga ɗaya ce ta raba shi da masallacin unguwa, ladan kuma ya bar amfilifayar masallacin a kunne yana jiran isha. Muryata ce take fita ta saman hasumiya, a murguɗe kamar kukan agwagwa, unguwa kaf tana ji. Na zare waya da sauri har na ƙone yatsa, domin na'urar ta yi zafi kamar dutsen guga.

Na so in yi shiru abin ya wuce a matsayin aljani, wallahi na so. Amma bayan isha na ji ana shawarar kiran mai ruƙiyya da tara kuɗin sabuwar amfilifaya, har wani yana zargin ladan da wasa da kayan masallaci. Bawan Allah, dattijo ne da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, yana tsaye yana rantsuwa. Na miƙe a gaban jama'a na ce ni ne. Liman ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, mun san ka da rubuta aljanu a littafi, ba mu san ka fara kawo mana su masallaci ba." Aka yi dariya, amma ba kowa ya yi ba. Wani maƙwabcina ya ce a irin wannan zamani na rashin tsaro, mutum ya ajiye na'urar magana da ƙasashen waje a ɗaki, ai abin a bincika ne. Sai da na ɗauko lasisina na kai wa mai unguwa ya gani da idonsa kafin ƙurar ta lafa.

Washegari na ɗauki baƙar na'urar na nufi gidan Baba Injiniya, kaina a sunkuye. Bai yi mini faɗa ba. Ya kwance murfinta, ya sa tabarau, ya leƙa ciki ya ce, "Zo ka ga abin da babu."

Ya ce wannan an yi ta ne don zangon da direbobin manyan motoci suke amfani da shi a Turai da Amurka, wajen megahaz 27, kuma ba a sa mata matata ba. Kowace amfilifaya, in ji shi, bayan muryar da kake so tana kuma zubar da ɓarɓashi a kan ninkin zangonka, ninki 2, ninki 3, ninki 4. Aikin matata shi ne ta tare ɓarɓashin nan kada ya kai ga eriya. Ya ɗauko biro ya rubuta 28 sau 4, ya ba da 112. Ya ce daga megahaz 108 zuwa 137 na jiragen sama ne, mu kuwa ga filin jirgin Malam Aminu Kano a kusa da mu. "Masallaci sun yafe maka. Waɗancan in ka shiga musu ba liman za ka gani ba."

Batun lasifika kuwa ya ce ba laifin matata ba ne kaɗai. Wayar eriyata ta bi ta saman katanga dab da dogayen wayoyin lasifikar, su kuma suka zame wata eriyar suka kwashi sigina suka kai cikin amfilifayar masallaci. Da wat 5 abin bai isa a ji ba, da na ƙara ƙarfi ya fito fili. Ko na'ura mai tsada na sa a wurin, hakan na iya faruwa. Ya jona ta a ma'auninsa, wat 300 ɗin da aka rubuta ko 70 ba ta kai ba. Na mayar wa mai shago ya ce kaya in ya fita ya fita. Araha dai ba ta ado.

Daga nan Baba ya zaunar da ni ya yi mini karatun da na ƙi saurara da farko. Ya ce kowace na'urar 'yan sha'awa tana da ma'aunin ƙarfin sigina, daga gida 1 zuwa gida 9. Kafin ka motsa allurar mutumin da ke sauraronka da gida 1 tak, sai ka ninka ƙarfinka sau 4. Wato daga wat 5 zuwa 20 gida 1 ne, daga 20 zuwa 80 wani gidan. In ka tashi daga 5 zuwa 50 ka sami gida 2 saura kaɗan, in ka kai 100 ka sami gida 2 da ɗan ɗoriya. Tsakanin 50 da 100 rabin gida ne kawai, wanda sau da yawa kunne ma ba ya rabe shi. Na ce to ai ni na ɗauka 100 ta ninka 50 a kunnen mai ji. Ya ce a aljihunka ne take ninkawa, da kuma a bayanka.

Abin da yake nufi da baya shi ne batir. Mun riga mun yanke cewa a gida ba zan ƙara ƙarfi ba, saboda masallaci, kuma saboda cikin gari ya cika da ƙarar imbata da cajar sola da ƙwayayen fitila na zamani, waɗanda suke cika gajeren zango da shuuu har ka kasa jin mai rauni. Mafita ita ce in riƙa ɗaukar kayana a babur in tafi gonar da muka gada a bayan gari. To duk abin da zan saya sai ya zama na ɗauka. Amfilifaya mai wat 100 tana jan wuta har wajen amfiya 20 a kan bolt 13.8 in ka ɗaga murya, mai wat 50 kuwa wajen rabin haka. Batirin mota yana da nauyin da ya haura kilo 10, ba a son a sha fiye da rabinsa, kuma da ƙarfinsa ya fara sauka murya take fara dagulewa. Akwai batirin zamani da ake kira LiFePO4, mai cin amfiya 20 na awa guda nauyinsa wajen kilo 3 ne, yana riƙe bolt 13 har ya kusa ƙarewa, sai dai tsada. Ya ce in zan saya in duba iyakar wutar da aka yarda a ja daga cikinsa a lokaci ɗaya, domin wani da ka wuce iyakar zai ɗauke ɗif kana tsakiyar magana.

Sai zafi. Kusan rabin wutar da amfilifaya take sha zafi take zama, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40. Ya ce in nemi mai faffaɗan ƙarfen shan zafi, wadda take kashe kanta in ta yi zafi da yawa ko in eriya ta ƙi karɓar wuta ta dawo mata da ita, abin da suke aunawa da SWR. Ya ƙara da cewa in tabbata tana da igiyar da rediyo za ta sanar da ita kafin magana ta fita, kuma kada in taɓa ɗura mata wat fiye da abin da aka ce tana karɓa, domin murya za ta fantsama ta shiga zangon maƙwabta.

Na ƙarshe shi ya fi zama a raina. Ya ce Turawan wannan harka suna da sunan da suke kiran mai babbar amfilifaya da ƙaramar eriya, suna ce masa kada, ga baki har kunne amma kunnen ba ya ji. Amfilifaya bakinka kawai take ƙara wa ƙarfi. Eriya mai kyau kuwa tana ƙara maka baki da kunne gaba ɗaya, kuma kuɗinta bai wuce na waya da igiya ba.

Muka zauna da hotuna guda 3 a wayarsa. Akwai KXPA100 ta kamfanin Elecraft na Amurka, wat 100, wadda kuɗinta ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Akwai XPA125B ta Xiegu, 'yar Sin, ita ma wat 100, da madaidaicin eriya a cikinta. Wannan ta ja hankalina ƙwarai, har na kwana ina lissafinta. Sai Hardrock-50, wat 50, wadda ake sayarwa a warwatse kai ka harhaɗa da hannunka, tana da matatar kowane zango. Zuciyata tana kan 100, domin lamba ce mai daɗin faɗa a majalisa.

Uwargida ce ta raba gardamar, ba tare da ta san wat ko bolt ba. Kuɗin da ke hannuna na wani labarin fim ne da na rubuta, kuma a cikinsu ake sa ran biyan kuɗin makarantar 'yarmu ta biyu. Da dare na baje mata lissafi ina kwana-kwana, ta saurare ni tsaf sannan ta ce, "Abban yara, ni tambaya ɗaya zan yi. Wannan rabin gidan da kake faɗa, Baturen ne zai biya mana kuɗin makaranta in ya ji ka da shi?" Na yi shiru. Ta ce, "Ka sayi wadda za ka iya ɗauka, ka bar mana abin da za mu iya ci. Kuma don Allah kada a sake jin ka a hasumiya."

Haka aka yi. Na biya kuɗin makaranta tukuna. Na sayi waya mita 10 muka yanka gida biyu, mita 5 kowane ɓangare, muka yi eriyar zangon mita 20. Da ita kaɗai, a kan wat 5 ɗin nan da na raina, na rataya a reshen ɗorawa a gona na sami mutum 3 a yini ɗaya. Sai bayan wata 4 na tara abin da ya isa, wani ɗalibin Baba da ke dawowa daga waje ya taho mini da mai wat 50 da ƙaramin batir. Mun yi sati 2 muna harhaɗa ta a kan tabarmar zaurensa, shi yana riƙe da ƙarfen narka dalma, ni ina naɗa siririyar waya a jikin zobba ina ƙirgawa da ƙarfi kamar mai koyon lissafi. Sau 2 yana sa ni in warware in sake saboda na yi kuskuren zagaye ɗaya.

Ranar gwaji ta faɗo a watan Oktoba na 2024, watan da masana sararin sama na Amurka suka sanar cewa rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, lokacin da gajeren zango ya fi tafiya nesa. Kafin mu kafa komai sai da muka je muka gaida mai unguwar ƙauyen, na nuna masa lasisi, na gaya masa abin da za mu yi, ya haɗa mu da yaronsa ya zauna tare da mu. Wannan darasin ba a littafin rediyo na koye shi ba.

Na yi kira sau 2, a na 3 wani dattijo daga kudancin Italiya ya amsa, ya faɗi lambata daidai ba tare da ya nemi in maimaita ba. Ya ce yana ji na a gida 7. Baba ya miƙa hannu ya kashe amfilifayar ya ce in tambaye shi yanzu fa. Mutumin ya ce gida 5, murya ta yi ƙasa amma yana fahimtar kowace kalma. Baba ya dube ni ta saman tabarau bai ce komai ba. Yaron mai unguwa kuwa ya matso ya ce, "Malam, yana jin Hausa?" Na ce a'a. Ya ce to a gaishe shi duk da haka. Na isar da gaisuwar, Baturen ya ce a gaya wa yaron 73, wato gaisuwar fatan alheri da 'yan wannan harka suke sallama da ita.

A hanyar dawowa, kayan duka a jakar goyo ɗaya, na tuna ranar da na ce wa akwatin mahaifina ina kwana. Da yana raye da na ɗauke shi zuwa gindin ɗorawar nan na miƙa masa makirfo.

Yanzu in an tambaye ni wacce za a saya, nakan ce a fara da lasisi, a san iyakar ƙarfin da ya yarda da shi. A gyara eriya a ɗaga ta sama, a fita daga cikin ƙarar gari, a ga abin da ƙaramin ƙarfi zai yi. In har yanzu ana buƙatar ƙari, a nemi mai matata, mai kare kanta daga zafi, a lissafa kuɗinta tare da na batirinta da nauyin da za a goya. Ni amfilifayar tawa ma ba kullum nake kunna ta ba, sai na yi kira na ji shiru, ko zango ya fara rufewa da yamma.

Baƙar na'urar tana nan a kan kabad, ƙaramar 'yata tana ajiye ribbom a kanta. Ladan kuwa har yau in mun haɗu a bakin masallaci sai ya ce, "Malam siki-siki, an tashi lafiya?" Na sa an saya wa wayoyin lasifikar zobban da ke hana su kwasar sigina, na kuma janye eriyar gida daga jikin katangar.

Kashi na 3 yana hannu, na kai inda jarumar ta gano wanda ya ɓoye wasiƙar. In Allah ya yarda ba za ku ƙara jira da yawa ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya saka wa Baba Injiniya da alheri, ya ƙara masa lafiya. Na bar ku lafiya, 73.